Yara sun mai da katunan aikina abin wasa, in haƙura ne?

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce, aji biyu nake riƙe da shi, shekarata ta biyu kenan da fara koyarwa. Na ga wasu malamai suna amfani da katin aiki, ƙananan katunan nan da ake rubuta tambaya ɗaya ko aiki ɗaya a kowanne, yaro ya ɗauka ya yi ya ajiye ya ɗauki wani. Abin ya burge ni, na zauna kwana biyu cur ina yanka kwali ina rubutu ina fenti har na yi guda sittin. Ranar da na raba musu wallahi ajin kasuwa ya koma, wannan yana "Malama me zan yi", wancan ya ƙwace na ɗan'uwansa wai nasa ba hoto, masu ƙoƙarin sun gama cikin minti uku sun shiga tsokana, wasu ko fensir ba su ɗaga ba. Ana cikin haka shugabar makaranta ta leƙo, ba ta ce komai ba amma kallon da ta yi min ya isa. Katuna sha ɗaya sun ɓace, wasu an tauna gefensu. Wata abokiyar aikina ta ce in daina wahalar da kaina in koma allo da alli. Dan Allah in haƙura ne?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sai da na yi dariya da na zo wajen katunan da aka tauna, ba dariyar mugunta ba fa, dariyar wadda ta taɓa zaro nata katin daga bakin yaro ya jiƙe sharkaf. Kar ki haƙura. Amma kuma kar ki sake zube musu katuna sittin a rana ɗaya, ko ni da na daɗe a aji kika ba ni wannan aikin haka za a yi min.

Duk wasiƙarki abu ɗaya na riƙe, wannan "Malama me zan yi" ɗin. Shi ne ciwon, sauran duk zazzaɓinsa ne. Amfanin katin aiki gaba ɗaya shi ne yaro ya ɗauka ya fara ba tare da ya kira ki ba, ya gama ya gane ko ya yi daidai ba tare da ya kira ki ba, in kuwa sai ya kira ki a farko ya kira ki a ƙarshe toh kinga ba ki rage wa kanki aiki ba, kin dai raba kanki gida arba'in ne ko nawa ne yawan yaran naki. Kuma abin da ke sa yaro ɗan shekara shida ko bakwai ya yi wannan kiran bai wuce biyu ba, ko dai abin da ke kan katin ba a gama koya masa ba, ko kuma an koya masa amma bai iya karanta umarnin da kika rubuta ba.

Na farkon shi ne inda abokiyar aikinki take da rabin gaskiya. Kati ba ya koyar da sabon abu, na bita ne kawai. Allo da allin da take cewa ki koma musu, ai dama ba a bar su ba, su ne a gaba kati yana biye. Akwai wasu masana ilimi guda biyu a Amurka, Pearson da Gallagher, da suka tsara wannan a 1983, cewa nauyin aiki a hankali yake sauka daga kan malami zuwa kan ɗalibi, wato ke ki yi suna kallo, sannan ku yi tare, sai can a ƙarshe yaro ya yi shi kaɗai. Toh kati a wannan mataki na ƙarshen yake zaune. Wani kuma, Barak Rosenshine, a rubutunsa na 2012 kan ƙa'idojin koyarwa ya nuna cewa koyo ya fi tafiya in yara suna samun kamar takwas cikin goma daidai. Ni a ganina in ma aikin kati ne da yaro zai yi babu kowa a kansa, gara ya wuce takwas ɗin. Saboda haka abin da kika koyar yau da safe bai isa shiga kati ba tukuna, ki bari sai kin ga a allo yawancinsu suna amsa shi ba tare da sun kalli bakinki ba, lokacin ne zai shiga.

Na biyun kuwa shi ya fi cin sababbin malamai, har da ni a da. Zan iya rantsuwa a cikin katunanki akwai mai irin wannan rubutun: "Duba wannan hoto da kyau, ka ƙirga ƙwallayen da ke cikin akwati na farko da na biyu, sannan ka haɗa su ka rubuta amsarka a littafinka." Yanzu dan Allah yaron da har yau yake haɗa baƙi da wasali yana nunawa da yatsa, kafin ya kai kalmar "sannan" ai ya manta da "duba". Lissafin bakwai a tara da biyar ya iya shi, karatun ne ya kayar da shi, ke kuma sai ki ɗauka lissafin ne bai iya ba. Ƙwaƙwalwar da mutum ke riƙe abu da ita a lokacin da yake cikin aiki ƙarama ce sosai, George Miller a 1956 ya ce kamar abu bakwai, daga baya Nelson Cowan a 2001 ya ce ma kamar huɗu ne kawai, kuma wannan na babba ne fa, na ƙaramin yaro bai kai haka ba. Katin nan da za ki gyara shi, ƙwallo bakwai a hagu, alamar tarawa, ƙwallo biyar a dama, ɗan akwati babu komai a ciki, lamba babba a kusurwar sama don a san katin nawa ne, shikenan. Ko kalma ɗaya ba ya buƙata. In dole sai an yi umarni, ki yi da alama, hoton fensir yana nufin rubuta, hoton ido yana nufin nemo, hoton yatsu yana nufin ƙirga, ki zana alamomin ukun nan a gefen allo ki bar su a can har zangon karatu ya ƙare. Kuma duk katunan da ke cikin ɗauri ɗaya su zama aiki iri ɗaya da fasali iri ɗaya, yadda in yaro ya gane na farko ya gane sauran, ba wai na ɗaya tarawa na biyu cike gurbin harafi na uku zana kifi ba.

Maganar fenti da hotuna kuma, yi haƙuri, na san kin sha wahala a kansu, amma faɗan da aka yi na "nawa ba hoto" daga nan ya samo asali. Hoto a kati in ba shi ne aikin ba, to kishiyar aikin ne. A 2014 Anna Fisher da abokan aikinta a jami'ar Carnegie Mellon sun gwada koyar da yara 'yan nazare a ɗaki mai bango cike da ado da kuma ɗakin da babu adon, sai suka ga a ɗaki mai adon hankalin yaran ya fi tafiya wani wajen kuma abin da suka koya ya ragu. Su bango suka duba ba kati ba, amma ni tun da na san wannan na daina zana fure a gefen tambaya.

Sai kuma yadda yaro zai san ya yi daidai. Wannan tunanin ya daɗe, Mariya Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, kayan koyarwarta ta ƙera su ne yadda kayan da kansu suke nuna wa yaro kuskurensa, misali katako mai ramuka da sanduna, in ya sa ɗaya a ramin da ba nasa ba sai a ƙarshe ya ga sanda ɗaya ta rage a hannunsa babu ramin da za ta shiga, ba sai malama ta ce masa komai ba. Har 'yan takardu take rubutawa da umarni kamar a rufe taga ko a buɗe ƙofa, yaro ya karanta a zuci ya tashi ya aikata, daga abin da ya yi an san ko ya fahimci karatun. Wannan kam ki gwada shi da 'yan ajinki in sun fara iya karatu, suna son shi ba kaɗan ba. Hanya mafi sauƙi a kati ita ce a rubuta amsa a baya, sai dai kinsan halin yara. Akwai wani yaro da na taɓa koyarwa, shiru-shiru da shi, ran nan ya kawo min littafinsa ya gama kati goma kafin in gama rabawa layin baya, duk daidai, ina ta murna, sai na zo kan goma a tara da takwas na ga ya rubuta 81. Na tsaya ina kallo, ta ina 81 ta fito? Ashe juya katin ya yi, kuma ya juya shi ƙasa a sama, 18 ta koma masa 81 ya kwafe abinsa hankali kwance. Daga ranar na daina sa amsa a bayan kati ga 'yan ƙananan aji. Abin da nake yi, amsoshin duk ɗaurin suna kan kati ɗaya mai launi daban a cikin ambulan a teburina, sai ka gama ka ɗaga littafinka na hango an cike layukan sannan ka karɓi katin amsa, ka duba da kanka, wanda ka faɗi ka zagaye shi ka sake. Ba a gogewa, wannan dokar ki riƙe ta da kyau, domin kuskuren da aka zagaye shi ne abin da ke kike son gani. Wata dabarar ita ce katin da aka yanka biyu da yanka mai lanƙwasa, tambaya a ɓari ɗaya amsa a ɗayan, in ba su ne ba bakinsu ba zai haɗu ba, wannan ya fi kusa da irin na Montessori, sai dai wasu masu wayon sukan daina duba lissafin su koma duba yankan, toh ki riƙa sa su faɗi amsar kafin su haɗa.

Yanzu ranar da za ki sake gwadawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, satin farko gaba ɗaya ba lissafi ko karatu kike koyarwa da katin ba, katin kansa kike koyarwa, yadda ake ɗauka, inda ake ajiyewa, inda ake rubuta amsa, me ake yi in an gama. Ki sa tambayoyi masu sauƙin da har za su raina, biyu a tara da ɗaya, don kada hankalinsu ya rabu biyu. Ki tsaya a gaba ki yi da kanki, sannan ki yi shi ba daidai ba da gangan, ki cusa katin a baki ko ki fizge na wani, ki tambaye su daidai ne? Za su yi ta ihun a'a suna dariya, kuma ba za su manta ba. Jacob Kounin da ya yi nazarin azuzuwa ta hanyar ɗaukar su a bidiyo ya fitar da littafinsa a 1970, abin da ya gano shi ne malaman da ajinsu ke zaune lafiya ba wai sun fi iya tsawa ko horo ba ne, sun fi iya hana rikicin tasowa ne tun farko, musamman a lokacin sauyawa daga wani aiki zuwa wani. Rabon kati da karɓar kati kuwa duk sauyi ne, a nan ake ɓarin.

Kuma kar ki fara da ajin duka. Layi ɗaya ko tebur ɗaya, yara shida zuwa takwas, sauran suna aikin da suka saba a littafi, gobe wani layin, jibi wani. Kati ɗaya yara biyu, wanda ya ɗan fi iya karatu da wanda bai kai shi ba, amma kowa ya rubuta a littafinsa. Minti goma ya isa, in ya wuce haka 'yan aji biyu sun fara neman abin taunawa. Ki kafa musu doka cewa kafin a kira Malama sai an tambayi na kusa, ki kuma daure ki ƙi amsawa in ba a bi dokar ba, wannan daurewar ita ce mai wuya don mu malamai bakinmu ba ya iya shiru in yaro ya yi tambaya. Kafin kati ya taɓa hannun kowa, kowa ya rubuta 1 zuwa 6 a gefen shafinsa daga sama zuwa ƙasa, ki nuna musu cewa amsar kati na 4 a layi na 4 take zama ko da shi ka fara ɗauka. Kar ki raina wannan, rabin "faɗuwar" da za ki gani a littattafansu ba faɗuwa ba ce, amsa ce daidai a layin da ba nata ba. Akwai wasan da ake ajiye kati ɗaya a kowane tebur, yara su riƙa matsawa tebur na gaba duk lokacin da malama ta tafa, yana da daɗi sosai amma ki bar shi sai nan da wata guda ko fiye, in kika yi shi yanzu abin da shugabar makaranta ta gani rannan wasa ne.

Masu gamawa cikin minti uku da waɗanda ba su ɗaga fensir ba, wannan ai shi ne ma dalilin da ya sa aka ƙirƙiro irin waɗannan katunan. Akwatin karatu na kamfanin SRA da Don Parker ya tsara, wanda ya fito a Amurka a 1957, katuna ne aka jera mataki-mataki kowane mataki da launinsa, yaro ya yi na daidai ƙarfinsa ya duba amsarsa da kansa ya hau na gaba. Tsarin yana aiki, amma ni ina da ƙorafi ɗaya a kan launi, cikin kwana biyu yara sun gano wane launi ne na "masu ƙoƙari" wane ne na "daƙiƙai", kuma su ba sa ɓoye abin da suka gano. Na fi son a jera wahalar a cikin ɗauri ɗaya, na 1 da na 2 kowa zai iya, na 5 da na 6 sai an yi gumi, kowa daga kati mai sauƙi yake farawa, wanda ya tsaya a na 3 ya yi aiki, wanda ya kai na 6 ya yi aiki, ba wanda aka liƙa wa tambari. Wanda ya gama duka kuma ki miƙa masa katin da babu komai a kai ki ce ya ƙirƙiro tambayarsa ya ba abokinsa, da sharaɗin shi ma ya san amsar. Za ki sha mamakin yadda mai tsokanar nan zai nutsu yana neman tambayar da za ta kayar da abokinsa, wasu katunan nasu ma har ki ɗauka ki sa a ɗaurin. Waɗanda suke baya kuwa kar ki ba su kati tsura, ki haɗa musu da murafun kwalba ko tsakuwa a ɗan gwangwani su ƙirga da hannu. Jerome Bruner tun 1966 ya yi bayanin cewa yaro da taɓa abu yake fara fahimta, sannan hoto, sannan alama irin lamba, toh wanda yake matakin taɓawa in kika ba shi 7 + 5 a rubuce kawai, kallonki zai yi.

Wani amfanin kati da allo ba shi da shi, ba a goge shi. Abin da kika koyar wata ɗaya da ya wuce yana nan a ambulan. Tun 1885 Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mantuwa a farkon lokaci ta fi sauri, kuma maimaitawa da tazara ita ke rage ta, a kan wannan ne wani Bajamushe Sebastian Leitner ya gina akwatinsa a 1972, katin da ka iya ya matsa baya ya daɗe bai dawo ba, wanda ka faɗi ya dawo gaba ka riƙa ganinsa kullum. Ba na ce ki yi wa kowane yaro akwati ba, za ki haukace, amma in sun saba da tsarin, rana ɗaya a sati ki fito da tsohon ɗauri maimakon sabo, kuma katin da kika ga an fi zagaye lambarsa a littattafai ki ware shi ya riƙa dawowa. In kuwa kusan kowa ya faɗi kati na 5, toh ba yaran ba ne, ko katin ne ya rikita su ko darasin ne bai zauna ba, ki koma allo da shi gobe da safe. Lokacin da suke aikin ma kar ki zauna makin wasu littattafan, ki zagaya kina leƙa kafaɗa, minti goman nan za ki san ajinki fiye da yadda jarrabawar ƙarshen zango za ta gaya miki.

Ɓacewa kuma, sittin a ɗebe sha ɗaya saura arba'in da tara, kinga kina da ɗauri takwas na shida-shida har da ragowar ɗaya, in kin tace masu dogon rubutu wataƙila su koma biyar, ya isa ki fara. Kowane ɗauri ki ba shi alamarsa a baya, wannan tauraro wancan da'ira, ki rubuta adadin a jikin ambulan, ki naɗa monita a kowane tebur wanda zai ƙirga kafin a karɓa ya ƙirga kafin a mayar, ba mai tashi sai shida sun cika. Katin da ya shige ƙarƙashin benci da kansu za su zaƙulo shi in sun san shi ya tsare su. Sababbin da za ki yi, takardar A4 a yanka huɗu ta isa girma, rubutu da baƙar maka manya-manya, kuma kar ki yi laminatin ko ki naɗe da salatif sai katin ya yi sati a hannun yara kin tabbatar ba ya jawo "Malama me zan yi", na sha rufe kati da leda tsaf sannan in gano akwai kuskure a ciki.

Ita kuma shugabar makaranta kar ki jira ta kira ki, ki same ta da kanki ki ce Hajiya ko Madam, duk yadda kuke kiranta, abin da kika gani rannan gwaji ne na yi kuma na gane inda na kuskure, zan sake da tebur ɗaya, ina so ki zo ki duba min nan da sati uku. Ranar da za ta zo ki tabbatar ɗaurin da suka riga suka saba da shi ne a kan teburin, ki kuma gaya mata tun a bakin ƙofa cewa za ta ji 'yar hayaniya don bibbiyu suke aiki, ta matsa kusa ta saurari me suke faɗa wa juna.